Gurbin da Malam Arzika Ya Bari

Tun kafin a kawo injin buga takarda, garin Tawa yana da jarida, ko da yake waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, ba su yarda a kira ta haka ba. Sunanta Kunnen Gari, kuma mutum ɗaya ne komai nata: Malam Arzika, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tasha. Wanda ya sauko daga mota ta gaban tabarmarsa zai bi, wanda zai aika saƙo Kumasi ko Abijan a kanta zai zauna, don haka labari ba ya shiga garin ya tsallake shi. Ran Asabar yakan ɗauki alƙalamin kara ya cika shafi ɗaya da ajami: yadda gero ya kwana a Kalfu, rijiyar da ta rufta, raƙumin da ya ɓata da irin shaidar da ke wuyansa, wanda ya rasu a wurin ci-rani da wanda ya aiko gaisuwa. Guda huɗu yake rubutawa, iyakar abin da hannu zai iya ke nan. Ran Lahadi, ranar kasuwa, sai ya hau wani tsohon turmi kusa da rumfar mahauta ya karanta da ƙarfi.

Shekara tara ta yi a haka, kuma ba wanda ya kashe ta. An dai sami mulkin kai, bayan ƴan shekaru aka buɗe biro, wato ofishi, na yaƙi da jahilci, aka aiko daga Yamai da wani mai farin tabarau, Mushe Almustafa (Mushe laƙabin girma ne na Faransanci), tare da keken rubutu da wani inji da ake juyawa da hannu yana tofo takardu. Aka ce za a riƙa buga jarida da boko, guda ɗari uku duk mako biyu, a rarraba wa azuzuwan manya na ƙauyuka. Sunan ma daga Yamai ya zo a shirye, Ci Gaban Adar. Mushe Almustafa ba wawa ba ne. Cikin wata ɗaya ya gane cewa yana da inji amma ba shi da labari, ga kuma wani tsoho a tasha mai labari ba inji. Ya je ya durƙusa gaban tabarma, suka daidaita.

Malam Arzika ya koyi boko yana da shekara hamsin da ƴan kai, ya koyi buga keken rubutu da yatsa biyu, kamar kaza na tsintar tsaba. Kunnen Gari ta kwanta, guda huɗun ƙarshe suka ƙare a hannun mai tsire. Mutanen gari kuwa ba su wahalar da bakinsu da sabon suna ba, takardar Arzika suke ce wa tsohuwar, ita suka ci gaba da ce wa sabuwar. Karatun Lahadi a kan turmi bai fasa ba.

Akwai abu guda da ya kwaso daga tsohuwar jarida ya shigo da shi sabuwa, bai kuwa gaya wa Mushe ba, don bai ga abin faɗi a ciki ba. Sunaye uku ne bakinsa ba ya kamawa: na surukinsa uban matarsa, na malamin da ya karantar da shi, da na ɗansa na fari. Wannan ba baƙon abu ba ne, kowane dattijo mai kunya haka yake. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne shi yana da jarida. Idan labari ya biyo ta kan ɗaya daga cikin ukun, sai ya bar gurbi a takarda, faɗin yatsa biyu. Ran Lahadi in karatu ya kawo shi wurin, sai ya yi shiru ya gyara rawani, wani daga cikin taro ya faɗi sunan, yawanci babban mahaucin da ke kusa da turmi, sannan a ci gaba. Duk Tawa ta iya karanta wannan gurbi, har waɗanda ba su san alif ba.

Ɗan farin nan, tunda ni ba nawa ba ne, zan faɗi sunansa: Yunusu. Shekara uku ke nan yana Abijan yana dako a bakin teku. Matarsa Habi ta gaji da zaman jira ta koma gidan ubanta Talle a Bambeye. Malam Arzika yana son yaron nan ya dawo ya zauna, yana so ƙwarai, har abincinsa ya ragu saboda haka. Amma mutumin da ya rubuta wa rabin gari "ka dawo gida" bai taɓa iya rubuta wa nasa ba. Iyakar abin da yake sawa a wasiƙa shi ne gero ya yi kyau bara, kuma mahaifiyarka tana gaishe ka.

Ya san abin da ke riƙe yaron a can: ba shi da abin da zai dawo ya kama. Gidan Malam Arzika ba su da gona, alƙalami ne gonarsu. Don haka ya aika dattijai biyu wurin Talle, suka yi zuwa uku, har Talle ya yarda ya ba mijin ƴarsa aron wata gona mai kyau a gefen fadama. Ya dai kafa sharaɗi ɗaya a gaban shaidu.

"Ruwan hwarko in ya sabka, a shibka ta da sunan yaron. In babu shi, ga Manzo ɗan ƙanena nan da ɗiya bakwai, ya daɗe shina kallonta. Gona ba ta kwana banza."

Aka rubuta wa Yunusu, ya amsa cewa yana tafe kafin damina, ya faɗi ranar da kamyonsu, babbar motar kaya, za ta taso da mutanen Adar da ke cikinta. An karanta wasiƙar a ƙofar gidan Talle, don haka babu wanda bai san motar da yake ciki ba a Bambeye.

Wata Jumma'a cikin watan Yuni na 1966, Mushe Almustafa ya shigo biro da takardar waya daga jandarma. Ya ajiye ta gaban Malam Arzika.

"Malam, kamyon ƴan ci-rani ta kife cikin ƙorama tsakanin Doso da Dogonduci. Mutum ashirin da ukku, duk namu na. Bakwai sun riga mu gidan gaskiya, an yi musu sutura can, ba a san ko su wa ba, don takardunsu sun bi ruwa. Waɗanga su ad da rai, suna asibiti. Gobe da sahe mu buga, mutane su samu kwanciyar rai."

Malam Arzika ya bi sunayen da yatsa. A na tara yatsan ya tsaya. Daɗi ya kama shi, ya nemi kujera ya zauna, ya ce a ba shi ruwa. Mushe ya ɗauka tausayin mamata ne. Ya ga "Yunusu Arzika" a jerin, amma Arzika a ƙasar Adar ba a ƙirga su, kuma shekara biyu suna aiki ɗaki ɗaya bai taɓa jin tsohon ya ambaci cewa yana da ɗa namiji ba.

Da safe Malam Arzika ya zauna gaban keken rubutu. Ya buga kan labarin yadda Mushe ya faɗa masa: ga sunayen waɗanda suka tsira, sauran an yi musu sutura a can, Allah ya jiƙansu. Ya buga suna takwas. Da ya zo na tara, bai yi wani dogon tunani ba, ya murɗa keken ya bar layi ɗaya fari, ya ci gaba da na goma. In da ya buga, gobe sai ya hau turmi ya kira sunan ɗansa na fari a tsakiyar kasuwa, da bakinsa, har da nasa sunan a manne a baya, a ce Arzika ya buga wa ɗansa ganga. Mushe ya ga farin layin lokacin da yake juya inji, amma injin nan ya saba barin wurare fari in ya ga dama, ga kuma motar masu allurar dabbobi tana ta oda a ƙofa, ita za ta sauke jaridar a ƙauyuka. Aka ɗaure aka jefa mata.

Ba za a ce Malam Arzika ya manta da Bambeye ba. A hanyarsa ta gida ya gamu da Alƙasum, wani Buzu abokinsa mai raƙuma, wanda ya ce gobe zai bi ta can.

"In ka isa, ka hwaɗa ma Talle mutumen nan shina cikin masu rai."

"Wane mutum?"

"Shi ya sani."

Alƙasum ya yi dariya ya ce ya ji. Tafiyar rabin yini ce a kan jaki, da Malam Arzika ya so da ya je da kansa. Amma uba ya kama hanya da ƙafarsa zuwa gidan surukai don murnar ɗan fari, wannan ko a mafarki bai zo masa ba. A gida ya gaya wa matarsa Rahamatu cewa wancan ya tsira, hannu kawai ya karye. Ita ma nata ɗan farin ne, sai ta ce to, madalla, ta shiga ɗaki ta yi kukanta inda ba mai gani.

Motar masu allura ta sauke jarida a Bambeye kafin la'asar. Malamin ajin manya, wani mutumin Damagaram da bai cika shekara a garin ba, ya tsaya gindin bishiya ya karanta. Maza suna zaune, mata suna bayan zana, Habi tana cikinsu. Ya karanta na takwas ya wuce na goma ba tare da ya ja numfashi ba. A lakwal baƙi aka koya masa karantawa, ba wanda ya ce masa fari ma ana karanta shi, don haka bai ko ambaci cewa akwai gurbi ba. Talle ya sa ya maimaita, ya maimaita.

Wata tsohuwa, yayar Talle, ta yi magana daga bayan zana. "Ku bi a hankali. Ɗan hwari na, kuma uban shi ka rubutawa. Kila kunya ta."

"Inna," in ji malamin, "wannan takardar gwamnati ce, da inji aka buga ta. Takarda ba ta jin kunya."

Maza suka ga maganar ta zauna. Wani ya ƙara da cewa in da yaron yana da rai, ai da uban ya aiko mutum tun jiya. Aka yi salati, aka shafa fatiha. Kafin magariba mata sun tsefe wa Habi kai, ta shiga takaba.

Da asuba ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, wanda ake haƙa ƙasa a ga jiƙa har tsawon hannu. Alƙasum ya ga hadarin tun daga zangonsa, ya san ciyawa za ta fito arewa, ya juya raƙumansa ya bi ta. Makiyayin da ya ga ruwan farko ba ya tuna saƙon kowa, kuma ban ga laifinsa ba. A Bambeye, bayan sallar asuba, Talle ya kira Manzo ya ce masa ya ɗauki iyalinsa ya shiga gonar fadama. Mutuwa ba ta hana shuka. Manzo ya fasa rumbunsa ya ɗebi iri, suka yini biyu suna sara suna binnewa.

A Tawa ranar Lahadin kasuwa ba ta cika ba, kowa ya tafi gona. Malam Arzika dai ya hau turmi. Ya karanta takwas, ya yi shiru ya gyara rawani. Babban mahauci ya ɗaga kai daga kan nama ya ce, "Yunusu ke nan. Barka, Malam." Aka yi ta barka, ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba, ya ci gaba da na goma. Ya koma gida cike da farin ciki, yana lissafin cewa a daidai wannan lokaci Habi da ƴan'uwanta suna can suna shuka gonar da sunan mijinta.

Ran Talata da hantsi yana zaune ƙofar gida ya hango jakuna huɗu. Talle ne da dattijai uku. Suka sauka, suka tuɓe takalma, suka zauna ba tare da doguwar gaisuwa ba. Talle ya ɗaga hannu.

"Ashe haka Allah ya yi. Allah shi gahwarta mai, shi ba ku haƙuri. Shibka ta riƙe mu, da tun shekaranjiya munka zo."

"Wa ya rasu?" in ji Malam Arzika.

Dattijan suka dubi juna. Ɗaya ya ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa masa kai, ya fara ba shi haƙuri. Sai da aka yi ta kewaye-kewaye, don shi ba zai faɗi sunan ba, su kuma suna jin nauyin faɗi a gabansa, kafin kowa ya gane inda ɗan'uwansa ya dosa.

"Shina asibiti Doso," in ji Malam Arzika. "Hannu ɗai ya karye."

"Mun ji takarda sau biyu, babu shi ciki."

"Na bar gurbi."

"Wa kab bar ma shi?" in ji Talle. Ba da faɗa ya yi tambayar ba. "Mu can ba mu da mahauci bakin turmi."

Suka yi hamdala, da gaske kuwa, har ɗaya ya share hawaye da bakin rawani. Aka tashi mutum a kan jaki ya koma ya fitar da Habi daga takaba. Rahamatu ta aiko da fura. Sai da aka sha aka ajiye ludayi Malam Arzika ya tambayi abin da ke cinsa tun ɗazu.

"Gonar hwa?"

Talle ya kau da ƙwarya gefe. "Manzo ya shibke ta da irinai. Wanda ya zuba iri shi ka girbi, kai ma ka sani. Ba ni iya ce mai shi tone."

Malam Arzika ya sani. Shi da kansa ya sha karanta irin wannan hukunci a kan turmi. Duk da haka ya sake aika dattijan nan biyu, suka je suka dawo da gaisuwa mai yawa. Manzo ya ce ya yi murna da Yunusu ya tsira, kuma in an yi girbi zai ba shi dami biyu. Game da baɗi kuwa, Talle ya ce Allah ya kai mu, wanda duk mai hankali ya san ma'anarsa, tunda Manzo ya riga ya fara kai taki.

Mushe Almustafa da ya ji abin da ya faru ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bai yi faɗa ba, ya dai ce tsohuwar jarida da mai ita suke tafiya tare, wannan kuwa ita kaɗai take tafiya, saboda haka daga yau ba a barin gurbi. A fitowa ta gaba aka sa gyara, layi biyu a ƙasan shafi. Mushe ne ya buga da hannunsa, Malam Arzika yana waje yana duba ko hadari zai haɗu.

Yunusu ya iso bayan mako biyar, hannu a rataye, da riga ɗaya ta aro. Keken hawa da turamen zane da duk abin da ya tara a shekara uku ƙorama ta tafi da su. Ya zo ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda aka saba. Ba wanda ya tada maganar jarida. Ya wuce Bambeye, ya tarar gero ya kai gwiwa a gonar fadama, ƴaƴan Manzo suna noma a ciki. Mutanen garin suka yi ta zuwa kallonsa, yara suna leƙe suna gudu, don ba kullum ake ganin wanda aka yi wa sadakar uku ba.

Wata biyu ya yi yana cin tuwon gidan suruki. Ba wanda ya yi masa gori, amma shi ya ji nauyin abin, ya rame fiye da yadda ya rame a asibiti. Da hannun ya warke har yana iya ɗaga tulu, ya ce wa Habi zai koma. Ta ce ya jira kaka. Ya ce kakar wa.

Ranar da zai tashi, Malam Arzika ya je tasha da safe, ya ce wa Rahamatu zai je neman labari ne. A aljihunsa akwai laya da ya rubuta da hannunsa ya sa aka ɗinke da jar fata. Ya tsaya nesa kaɗan, inda tabarmarsa take a da, yana hira da wani direba kan lalacewar hanya. Yunusu ya gan shi, ya zo ya durƙusa.

"Baba, za mu tahi."

"To. Allah shi kiyaye hanya."

Yunusu bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan tona ƙasa da yatsa, sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba, "In wani abu ya hwaru ga hanya, ka ba Mushe shi buga."

Malam Arzika ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce to. Yunusu ya miƙe ya hau bayan kamyo, ya sami wuri a kan buhuna ya zauna, bayansa yana fuskantar tasha. Sai da inji ya tashi motar ta fara gangarawa tsohon ya tuna layar tana aljihunsa. Ya ciro ta ya bi motar da sauri, rawani yana warwarewa. Tazarar ba ta fi taku ashirin ba, in an kira mutum zai ji. Ya buɗe baki.

"Kai," ya ce. "Kai, yaro."

Mutum shida suka waiwayo daga bayan motar. Yunusu ba ya cikinsu.